Gorar Ruwa a Gaban Keke

"Wa ya taɓa min keke?!"

Muryar Auta ta cika shagon, har sifanar da ke hannun Mai Gyara ta kusa suɓucewa.

Saura sati uku a yi gasar da ta shekara biyu tana yi wa shiri, wadda ake yin iyo, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu ba hutawa. Sarƙa kawai ta kawo a canja mata. Amma ga gorar ruwanta an cire daga ƙasa, inda kowa ke maƙala tasa, an kwantar da ita a gaba, tsakanin sanduna biyun da take ɗora hannuwanta.

Ya goge hannunsa da tsumma, bai ko ɗaga murya ba.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Hau ki gani."

"In ga me? Shirme?"

"Iska."

Harara ta watsa masa, amma ta hau. Keken yana kafe a kan ƙarfen gwaji, gaban wani dogon madubi. Ya liƙa guntayen jan zare a jikin keken, ya miƙo mata wasu ta liƙa a hannun rigarta. Ya mayar da gorar ƙasa, sannan ya kunna babbar fanka.

"Yanzu ɗauko ki sha."

Tana miƙa hannu ƙasa ƙirjinta ya ɗago. Zaren nan suka haukace, suna fizga, suna sarƙewa da juna.

Ya dawo da gorar gaba, ya ce ta kwanta a kan sandunan, ta sha ta ɗan bututun roba ba tare da ta motsa ba.

Sai zaren suka kwanta luf!

Dukkansu, gefe ɗaya, kamar an taje su.

Auta ta saki baki. Tun tana yarinya take kokawa da iska a kan hanya, yau ce rana ta farko da ta gan ta da idonta.

"Ikon Allah..." ta ce a hankali. "Malam, ina ka koyi wannan?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kullum da safe kina wucewa ta gaban shagon nan. Duk sanda kika ɗago za ki sha ruwa, iska na dukanki kamar an buɗe ƙofa. Ramin da ke tsakanin hannuwanki ma cika yake da iska, gorar nan ce za ta toshe shi." Ya ɗago ya dube ta. "Abin yana min ciwo, shi ya sa."

Zuciyarta ta buga dam!

Daga ranar, ba ta rasa dalilin zuwa shagon. Yau birki, gobe taya. Ranar da ya kira ta "hasken idona", sai da ta wuce kwanar gidansu ba ta sani ba.

Doguwa, abokiyar atisayenta wadda ta daɗe tana hangen kofin gasar, ita ta kai zancen gun Yaya. Shi ne babban wan Auta, shi ne kuma mai horar da su.

"Yaya, ni dai tausayinta nake ji. Gora a gaba? Ai faɗuwa za ta yi. Kuma wuni take a shagon nan, ba atisaye ba komai."

A falo, gaban Abba, Yaya ya kwance gorar da hannunsa.

"Mai wankin sarƙa ne zai koya min aikina? Kada in sake jin kin taka shagon nan!"

"Yaya, wallahi na gani da idona..."

"Ki bi maganar yayanki, Auta," in ji Abba.

Ta bi. Sati biyu ba ta ga Mai Gyara ba, ba ta ɗaga wayarsa ba. Ta rame, abinci ma sai Umma ta tsaya a kanta.

Ranar gasa, da sassafe, ana jera kekuna a bakin ruwa, Auta ta tsaya cak.

"Yaya... dubi keken Doguwa."

Ga gora nan kwance a gaba, tsakanin sanduna, har da bututunta.

Yaya ya dubi keken, ya dubi Doguwa. Ita kuwa ta kawar da kai, ta shiga gyaran hular kwanonta. Ya furzar da numfashi.

"Kira Mai Gyara. Ko da yake ba zai iso ba, saura minti goma."

"Ga ni nan, Yaya."

A bayan shinge yake tsaye cikin 'yan kallo, maɗaurin gorar yana hannunsa.

"Na ce ko za a buƙata," ya ce.

Hawaye suka zubo wa Auta. Kafin a busa usur ya gama ɗaurewa, bai yarda sun haɗa ido ba sai a ƙarshe.

"Kada ki ɗago, zuciyata. Ko me ya faru, kada ki ɗago."

Ita ce ta huɗu da ta fito daga ruwa. Ta haye keke, ta kwanta, ta sunkuyar da kai.

Abin da ta ji ba ta taɓa jin irinsa ba. Iskar da ta saba tokare mata ƙirji yau rabewa take, tana zamewa ta kafaɗunta. Ƙarar taya kawai take ji da bugun zuciyarta. Ta wuce ta uku. Ta wuce ta biyu. Sunan Allah kawai take ambata don mamaki.

A kan dogon miƙaƙƙen titi ta cim ma Doguwa. Siffar abin kawai Doguwa ta kwaikwaya, ba ta san yadda ake ɗaure shi ba. Gorarta sai girgiza take, dole ta riƙa ɗagowa tana tare ta da hannu.

Auta ta wuce fuu!

A gudun ƙarshe ƙafafunta kamar ba nata ba, amma tazarar da ta samu a keke ta riƙe ta. Ta tsinka zaren nasara, ta zube a gwiwa tana kuka.

Yaya ne ya ɗago ta. Sannan ya juya ya miƙa wa Mai Gyara hannu, ya kama nasa hannun mai baƙin mai, ya riƙe shi gam.

"Na zalunce ka, ka yafe min." Ya yi gyaran murya. "Ranar Asabar Abba yana gida. Ka turo manyanka."

Ya wuce abinsa.

Mai Gyara ya nemi bakin titi ya zauna daɓas.

"Lafiya?" in ji Auta, tana haki.

"Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata."

Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ni na yi iyo, na yi keke, na yi gudu, amma kai ne ƙafarka ta mutu? Tashi, angona, kada ka ba ni kunya!"

Wata biyu bayan nan aka ɗaura musu aure, kuma Yaya ne ya fi kowa rawar ƙafa.