Matar da Ba a Zana wa Ƙafa Ba

Ku matso, ku kife wayoyin nan. Mai tsoro ya tashi tun yanzu, ba na son a riƙe mini zani.

Kun san Balaraba ta Samaru, mai haɗa wasannin waya. Mahaifinta, marigayi Malam Ɗanlami, shi ma ya taɓa haɗa wasa guda, zamanin kwamfuta mai ƙaton ƙeya. Ba hoto, ba kiɗa, baƙin allo ne da rubutu. Zai ce maka kana ƙofar wani kango, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi: shiga, duba, ɗauki fitila. Can ƙarshe sai ya ce, "Akwai wata mata a bakin rijiya." Iyakar abin da ya faɗa a kanta ke nan. In ba ka rubuta mata sallama ba, wasa ya ƙare.

Bayan rasuwarsa Balaraba ta rantse sai ta sabunta shi. Abokan aikinta suka yi ta dariya, wai wa zai zauna karatu a waya yanzu. Ita kuwa taurin kai gadonta ne. Ta zana kangon, ta zana fitilar. Sallamar ma ta cire, wai ɓata lokaci ce. Da ta zo kan matar sai ta rasa fuskar da za ta ba ta, ta ɗauki hoton kanta ta kwaikwaya, har da ɗan baƙin tabon da ke ƙarƙashin idonta. Ƙafafu kam ba ta wahalar da kanta ba, tunda bakin rijiya ya kare su.

Ran da ta saki wasan, mai ƙosan layinsu ta tambaye ta ko baƙuwa ce. Kashegari mahaifiyarta ta leƙo ta ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Ranar Balaraba ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Kwana na uku, rana tsaka, layin shagonta ya yi tsit. Ko akuya babu. Labule ya motsa. Wata mata ta shigo ba sallama, ta zauna a benci. Balaraba ta ɗaga kai. Fuskarta ta gani a jikin matar, har tabon. Ta sauke ido ƙasa. Inda zanin ya ƙare, nan matar ta ƙare. Tsakaninta da siminti iska ce kawai.

Muryarta ƙas-ƙas, kamar ana danna tsohuwar kwamfuta. Ta ce shekara talatin da ɗoriya tana zaune lafiya a rijiyarta. Mai zuwa sai ya yi sallama, kuma kowa da fuskar da yake ba ta a ransa, ta saka yau ta cire gobe. Yanzu an ɗaure ta da guda ɗaya, ana faɗo mata gida kamar kasuwa.

"Goge wasan, ki karɓi fuskarki," in ji ta. "Ko ki bar shi, in riƙe."

Balaraba ta dubi kwamfutarta. Wasan nan shi kaɗai ubanta ya bar mata a duniya.

"Ba zan goge ba."

"To uwarki ba za ta ƙara gane ki ba."

"Ubana ya haƙa rijiyar nan. Ba ke za ki kore ni daga gidansa ba. Zauna ki gani."

Balaraba ta juya mata baya. Baya fa! Ta jawo kwamfuta, wani sanyi na busa mata ƙeya. Ta bar kangon, ta bar fitilar. Da ta iso rijiya ta share matar, ta mai da allon baƙi ƙirin, ta rubuta layin ubanta yadda ya bar shi, ta mai da sallamar wurinta. Sannan, ba ta waiwaya ba, ta rubuta sallamar da hannunta.

Amsa ta fito a allon, wadda ba ita ta saka ba: "Wa'alaikumus salam, 'yar Ɗanlami."

Ta juyo. Ba kowa a bencin.

Da yamma mahaifiyarta ta gane ta tun daga zaure, ta rungume ta. Sai ta riƙe mata haɓa ta ce, "Ina tabonki?" Har yau bai dawo ba.

Wasan yana nan, ana yinsa sosai, kuma duk kyan zanen, wurin baƙin allon nan ne ke tayar wa mutane da tsigar jiki. In kun kai rijiyar, kada ku kasance ku kaɗai a ɗaki, kuma ku yi sallama. Waɗanda suka kai sun ce kowace fuska suka hango mata a ransu, sai sun ga ɗan baƙin tabo a ƙarƙashin idon.