Tafukan Hannun Audi Masinja

Gab da magariba Sufeto Maliki ya isa dogon benen wani kamfani, ransa a ɓace. A nan Audi masinja ya faɗa ramin lif daga hawan ƙarshe, manaja kuwa ya kafe cewa kashe kansa ya yi. Maganar ta karaɗe unguwar Badarawa, har matar Audi, Kaltume, ta daina leƙa ƙofar gida don kunya.

Maliki bai yarda ba. Likitan da ya duba gawar ya nuna masa dugadugai a farfashe, tafukan hannu a saluɓe, baƙin man wayar lif har ƙarƙashin farce. Audi ya yi kokawar tsira da ransa, amma aka laƙa masa wannan sharri saboda talaka ne.

An ɗauke wuta, ma'aikata sun watse. Ya hau matakala da tocila. Sama shiru, sai warin giris da wani ƙamshi irin na turaren likkafani.

Ƙararrawa ta buga. Ƙofar lif ta buɗe.

Ciki haske tar, ga jan kafet. Wani dattijo na tsaye, kansa a sunkuye.

"Shigo, ranka ya daɗe," ya ce cikin raɗa.

Maliki ya san babu wuta a ginin. Amma ƙafarsa ta ɗaga da kanta.

Ta taka iska. Babu lif, babu dattijo, sai rami.

Ya cafki wayar lif, ta yage masa tafi. Can ƙasa wani na dariya, dariyar kuma hawowa take yi.

Ya ja a'uziyya, ya wurga jikinsa baya, ya faɗi kan siminti.

Washegari ya banka ƙofar manaja, hannuwansa cikin bandeji.

"Ashe kun san da aljanin nan," in ji Maliki.

Manaja ko ɗago kai bai yi ba. "Tun da aka gina benen yake nan. Wata rana lif ce, wata rana shi ne."

"To yaya kuke bambancewa?"

"Ba ma bambancewa, Sufeto. Shi ya sa masinja ke fara shiga."

Maliki ya je Badarawa, ya wanke sunan Audi a gaban Kaltume da maƙwabta. Kotu kuwa, wa zai kai mata aljani?

Sati bai zagayo ba ya wuce ta gaban benen. Ya hangi sabon masinja, magidanci, yana ta fara'ar samun aiki, riƙe da jakar manaja, yana tafe a gabansa, sun nufi lif.