Sawun Gwadabe

Shekarar da Gwadabe ya cika arba'in da takwas, ya ajiye aiki a wani kamfanin jimar fata da ke Challawa, ya ce Makka za shi, kuma a ƙasa. Lokacin ko kowa jirgi yake hawa, sai leburori suka ce ya zautu. Shi kuwa cewa ya yi matarsa ta rasu, 'ya'ya sun yi aure, shekara ashirin bai shaƙi komai ba sai warin fata. Yana so ya taka ya gani ko akwai sauran mutum a cikinsa.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Inuwa, heluma, wato shugaban leburorin sashensu, amininsa tun suna samari. Inuwa bai taɓa iya haɗa ruwan jima ba, Gwadabe ke rufa masa asiri. Inuwan ne ya kawo masa sababbin takalman roba irin na kamfani, ya ce hanya akwai ƙaya. Ya raka shi bakin titi, ya rungume shi yana hawaye. Da Gwadabe ya waiga, ya hango shi tsugune daidai inda ya taka, ya ɗauka kuka ne ya ci ƙarfinsa. Kaico!

Kwana uku yana bin hanyar gabas, carbi a hannu. Ya wuce Wudil, ƙirjinsa wasai.

Ran na uku, gab da magariba, yana tsakanin gonakin dawa, ba gida ba mutum, sai wari ya buge shi. Warin jiƙaƙƙiyar fata. Can ƙasa-ƙasa kuma ya ji jiniyar tashi daga aiki. A wannan daji!

Wani abu na biye da shi. Ƙyas. Ƙyas. In ya tsaya, abin ya tsaya.

Ya juya. Wani dogon tsoho ne a duƙe, da ƙoƙo a hannu, yana kwashe ƙasar duk inda Gwadabe ya taka. Shi kansa tsohon ba ya barin sawu.

"Baba, lafiya?"

"Aikina nake yi," in ji tsohon cikin raɗa. "Sawunka aka ba ni, gida zan mai da shi."

"Wa ya ba ku?"

"Mai hawayen nan. Ya ce in ka tafi, ruwan jima zai tona shi."

Kiranye ke nan, Inuwa ya yi masa. Wallahi ba tsoro ne ya fara kama Gwadabe ba, ciwo ne. Mutumin da suka ci a kwano ɗaya, wanda ya kama masa makarar matarsa!

Ƙafafun Gwadabe suka juya yamma da kansu.

Taku ɗaya. Biyu. Inda dawa take, ga hayaƙin Challawa yana tashi, ga ƙofar kamfani a buɗe.

Tsohon ya matso, numfashinsa sanyi ƙalau. Gwadabe ya leƙa ƙoƙon. Zanen ƙasan takalmi ne kwance a kan ƙasar, babu yatsa ko ɗaya.

Sawun takalmi aka ɗeba.

Ya zube ƙasa, ya kama takalmin dama. Ya ƙi fita, ya cije masa dunduniya kamar mai haƙora.

"Bismillahi!"

Ya fizge, har da fatar ƙafarsa. Ya fizge na hagu.

Takalman suka miƙe tsaye, ba kowa a ciki. Suka nufi yamma, ƙyas, ƙyas, tsohon na biye da su a duƙe. Warin ya ɗauke. Gwadabe ya yi taimama, ya yi magariba, ya ci gaba ba takalmi, jini na bin sawunsa.

Sai bayan shekara uku ya dawo, Alhaji, tafin ƙafarsa kamar ƙirgi. Ya tarar an daɗe da sallamar Inuwa. Mutanen Ɗorayi, unguwar Inuwa, suka ce kullum magariba sai takalman nan sun zo ƙofar gidansa sun tsaya. Inuwa ya ƙone su, ya jefa su kogi, washegari sun dawo.

Inuwa ya zo ya durƙusa, duk ya rame.

"Alhaji, don Allah ka zo ka ɗauke takalmanka."

Gwadabe ya dube shi, ya ce:

"Ba nawa ba ne, Inuwa. Kai ka saya, kai ka kira su."