Gayyar Mutanen Cikin Akwati

Ranar da Shafa'atu ta fara shigowa shagon buga takardu na Alhaji Abdulrahman da ke Tudun Wada a Gusau, Mahadi yana tsakiyar faɗa da dodo.

Dodon rubutu ne, koren rubutu a kan baƙin gilashin kwamfuta. Ta yi sallama bai ji ba, ta sake bai ji ba. Sai ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, in na cikin akwatin ya riga ni zuwa, bari in jira a waje."

Ya waiwayo. Idonsa ya sauka a kan doguwar yarinya mai wushirya, tana ƙoƙarin danne dariya. Kafin ya tuna da yatsunsa, dodo ya gama da shi.

Ta ce daga Bungudu take, tana zaune wurin gwaggonta a Damba, ta zo koyon buga rubutu. Ya ce ta zauna. Ya nuna mata inda ake ɗora yatsu, yana ta kuskure kamar shi ne ɗalibin.

A shekarar 1999 ke nan, lokacin da ba kowa a garin ya taɓa jin kalmar intanet ba. Kwamfuta ɗaya ce tak a shagon, tana haɗe da layin waya, kuma Alhaji ya yarje wa Mahadi ya riƙa taɓa ta idan aiki ya lafa. A nan ya samu Birnin Rijiya, wani wasa da wasu ɗalibai suka kafa a Zariya. Babu hoto ko ɗaya. Ka rubuta gabas, ya gaya maka abin da ke gabas. Mutane daga Kaduna, Kano, Sakkwato suna shiga, kowa da sunan da ya zaɓa wa kansa. Shi sunansa Baƙo.

Sunan ya dace da shi. Tun rasuwar iyayensa ya baro Tsafe, ba shi da kowa can sai Kawu Sabiru. Ɗakinsa na bayan shago, katifa ɗaya, kofi ɗaya. Tuwonsa shi kaɗai yake ci, ranar Sallah ma haka.

Da Shafa'atu ta saba, sai ta tambaye shi abin da ake ci a wasan. Ya ce da farko takobi yake nema da girma, ya samu. Dodannin ma duk ya san lagonsu. Ta ce to me yake komawa yi kullum? Shi kansa bai taɓa tambayar kansa ba.

Ta ce a buɗe mata nata. Ta zaɓi suna Kurciya, ta ce ita ba ta faɗa da kowa. Lambu ta kafa a bayan rijiyar birnin, ta shuka rumman da lalle. Dokar wasan ita ce shukar da aka daina ba ruwa sai ta bushe.

Tunda kwamfutar ɗaya ce, ita takan shiga da hantsi bayan darasi, shi kuma bayan la'asar. Kujera ɗaya suke zama, amma Baƙo da Kurciya ba su taɓa haɗuwa a Birnin Rijiya ba. Sai dai saƙo a ƙarƙashin wani dutse na lambun.

"Baƙo, na ajiye maka rumman. Kada ka kai wa dodo, kai na ba."

"Kurciyata, na ci, ya yi zaƙi. Kujerar nan har yanzu ƙamshin turarenki take, na kasa yaƙi."

"Malamina, a shago ba ka iya kallon idona. A nan kuma bakinka kamar rediyo."

"A shago Alhaji na nan. Ki ba ni izini in zo Bungudu."

"Ƙofar gidanmu babu dodo. Amma akwai Baba."

Akwai kuma Lukuman. Motocin ɗaukar hatsi gare shi tsakanin Gusau da Bungudu, kuma ya daɗe da kai gaisuwa gidan Malam Yusha'u, mahaifin Shafa'atu. Da damina ta faɗi aka zo noman farko, mota guda ya ciko da 'yan ƙwadago, kafin azahar sun share wa Malam gonarsa ta tudu sun kama gabansu. Shi ne ya tsegunta wa Malam cewa yaron da ke koya wa ɗiyarsa aiki yakan zauna gaban akwati shi kaɗai yana dariya, har maƙwabta na cewa da mutanen ɓoye yake hira.

Malam Yusha'u ya aika a dawo masa da ɗiyarsa.

Da Shafa'atu ta so, da ta sa gwaggonta ta roƙa mata arziki. Amma a ranar da saƙon ya iso, ta zauna a kujera ta tarar Mahadi ya manta bai fita daga sunansa ba. Ga rubutu ɓaro-ɓaro daga wata Zinariya:

"Baƙona, kwana biyu ka yi wuya. Birnin nan ba ya daɗi in ba ka. Ina bakin rijiya ina jiranka kamar kullum."

Ta karanta har ta haddace. Ta tashi ta ɗauki jakarta. Mahadi ya biyo ta bakin ƙofa yana tambayar lafiya, ta ce lafiya lau, ya koma kada a gaji da jiransa. Washegari tana Bungudu.

Shagon ya yi masa faɗi. Da hantsi yakan kalli ƙofa har Alhaji ya yi masa magana. Bayan la'asar sai ya shiga birni, bai zare takobi ba, bai kula kowa ba. Ya ɗebi ruwa a rijiya, ya shayar da rumman, ya shayar da lalle, ya ɗaga dutse ya ga wayam, ya ajiye nasa.

"Kurciyata, lallen ya yi fure. Ban san laifina ba."

Washegari ya tarar da saƙonsa inda ya bar shi. Ya ɗora wani a kai.

Da abin ya ishe shi, ya tafi Tsafe ya ɗauko Kawu Sabiru suka nufi Bungudu. Malam Yusha'u ya karɓe su a zaure, ya sa aka kawo fura, ya saurare su har ƙarshe. Sannan ya dubi Mahadi.

"Yaro, ni ban ƙi ka don rashin dukiya ba. Amma ɗiyata in ta kwanta ciwo, wa za shi zo gaishe ku? In an haihu, wa za shi ci tuwon suna? An ce mani mutanenka duk cikin akwati suke. To, Asabar ana maimai a gonata ta bakin gulbi. Hito da su in gani."

A hanyar komawa Kawu ya ce shi zai zo da fartanyarsa, amma bayansa ba ya kai hantsi. Mahadi ya lissafa waɗanda zai iya gayyata a duk Gusau, ya tsaya a kan mai shayin bakin layi.

Da yamma ya rubuta a allon rijiya, inda kowa ke karantawa:

"Jama'a, sunana Mahadi, ina Gusau. Wadda nake so ita ce Kurciya. Mahaifinta ya ce in kawo gayya gonarsa a Bungudu ranar Asabar don ya ga mutanena, ni kuwa ba ni da kowa. Zan je ni kaɗai. In ba ku sake ganina ba, don Allah wani ya riƙa ba lambunta ruwa."

Ya kashe kwamfuta bai jira amsa ba.

Asabar ta same shi a gona shi da Kawu, gero ya kai gwiwa, kunyoyi sun miƙe har bakin gulbi. Lukuman na zaune a kan motarsa a gefen hanya yana cin gyaɗa, ya ɗaga murya ya tambaya ko mutanen akwatin suna cikin aljihu ne.

Sai ga wata bas ta tsaya.

Mutane suka fara sauka, wani da takalmi sau-ciki, wani da tabarau, kowa riƙe da sabuwar fartanya da ko ƙasa ba ta taɓa ba. Na farko ya ce shi ne Sarkin Ƙira, ma'aikacin banki ne a Kaduna. Wani siririn ɗalibi ya ce shi ne Guguwa. Mahadi yana jin sunayen yana kallon fuskokin.

Daga ƙarshe wani ƙato mai gemu har ƙirji ya sauko, bas ɗin ta ɗaga. Ya rungume Mahadi har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Baƙona. Ni ne Zinariya."

Sunansa Mannir, malamin asibiti a Sakkwato. Ƙaramar ɗiyarsa ce ta zaɓa masa sunan, ya kasa ce mata a'a.

Shafa'atu na tsaye a bakin gona da ƙwaryar kunu a kai, ta rako mahaifiyarta Inna Delu. Ta dubi gemun, ta dubi Mahadi. Kunun ya fara tsiyayo mata a wuya don dariyar da take riƙewa, idonta kuma ya cika da hawaye. Da ta miƙa masa ludayi, a hankali ta ce, "Malamina, kishiyar tawa ta fi ni ƙarfi. Ka yafe mani."

Ya ce lallenta ya yi fure. Ta sunkuyar da kai.

Aka shiga aiki. Mahadi ya kama can ƙarshen gona don ya rage masu nisa, Kawu ya koma inuwa da bayansa. Baƙin suka duƙufa da gaske. Hannuwa suka yi kanta, Sarkin Ƙira ya cire takalminsa ya rataya a wuya, Guguwa ya yi amai ya tashi ya ci gaba. Duk wani kore da ba gero ba sai da suka tuge shi. Kunyoyi suka yi fes.

Bayan azahar Malam Yusha'u ya iso. Ya tsaya. Ya duƙa ya ɗauki wani ɗan tsiro mai faffaɗan ganye daga tarin ciyawa, ya juya shi a hannu.

Waken da ya shuka a tsakanin gero ne, bai daɗe da tsirowa ba. Sun nome shi kaf, har saiwa.

Lukuman ya yi dariya har ya buga ƙofar mota. Malam ya ce Allah ya ba da lada, ya juya ya tafi gida. Baƙin suka shiga bas ba mai kallon wani.

Wannan mako Mahadi bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya shiga birni ya tarar da bakin rijiya ba kowa, allo ba sabon rubutu. Ya ce a ransa kunya ta kore su, ya rasa Kurciya, ya rasa su. Duk da haka ya ba lambu ruwa. Ranar Juma'a ya sayi irin wake a kasuwa, ya ƙudurta ko ba za a ba shi ita ba, sai ya mayar wa tsohon abin da aka ɓata masa.

Da suka isa gonar ranar Asabar shi da Kawu, bas ɗin ta riga su.

Suna tsugune a layi kamar 'yan makaranta, Inna Delu na riƙe da ganyen wake tana nuna masu, tana cewa wanda ya sake taɓa wannan da fartanya ita da shi ne. Mannir ya sauke buhun iri da ya ɗauko tun daga Sakkwato. Ya ce sun ƙaurace wa rijiya ne don kada Baƙo ya hana su zuwa.

Suna cikin shuka Malam Yusha'u ya zo ya tsaya a kansu. Ya tambayi Mannir me ya dawo da su, alhali ba danginsa ba ne, ba a kuma gayyace su ba.

Mannir ya share gumi da gemunsa.

"Baba, a wasan namu in mutum ya faɗi, ba ya tashi sai wani ya koma ya ɗaga shi. Yaron nan ya koma mani ban san adadi ba. Lokacin da matata ta kwanta asibiti, shi ke tambayata jikinta kullum, bai ko san fuskata ba. Dodannin mun gama da su tun bara. Don juna muke shiga."

Malam ya daɗe yana kallon ƙafafunsu masu taɓo. Ya ce 'yan ƙwadagon Lukuman sun yi aiki mai kyau, amma yau ko a kasuwa ya gamu da ɗayansu ba zai gane shi ba. Sannan ya waiwaya wurin Kawu Sabiru.

"Waɗanga sun ɓata, kuma sun dawo. Malam Sabiru, ku turo."

Lukuman, da yau ma yake gefen hanya yana kallo, bai tsaya jin sauran ba, ya tada motarsa.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Yusha'u. Bas biyu suka zo. Shinkafa da wake aka ci, daga gonar bakin gulbi aka ɗebo waken, Mannir ya cinye kwano guda har ya nemi ƙari, yana cewa guminsa yake ci. Inna Delu ta riƙe hannun amarya ta sa a na ango, ta ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa kada ɗakinsu ya rasa masu sallama. Aka shafa.

Alhaji Abdulrahman kuwa gudunmawarsa ta jira su a shago. Ya ƙaro kwamfuta ta biyu, ya sa an haɗa ta da layin.

Ranar da suka koma, suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Mahadi ya rubuta hanyar lambu kamar yadda ya saba. Rumman na nan, lalle na nan. A ƙasa kuma wani layi ya fito wanda bai taɓa gani ba.

Kurciya tana nan.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ta taɓa shi da gwiwar hannu.

"Baƙona, waiwayo mana. Ga ni nan."