Gidan Hayar Hanyar Roni

Ranar da Musaddiƙ ya tare a gidan hayar Alhaji Maikasuwa, a sabuwar unguwar da ke hanyar Roni a Kazaure, katifarsa ce ta fara gaisawa da mutanen gidan. Ya ɗoro ta a ka daga cikin keke-napep, bai ga gabansa ba, sai ya kwashe igiyar shanya. Atamfofin da ke kai suka zube a ƙasa, ga shi an yi ruwa da safe.

Zulaikha ta fito daga ɗaki da almakashi a hannu.

"Malam, kayan mutane ne fa! Ɗinki aka kawo mini."

Ya sauke katifar, ya dube ta, duk abin da ya shirya faɗa ya gudu.

"Ki yi haƙuri. Ni zan wanke."

"Ka iya wankin atamfa?"

"Ban iya ba, amma yau zan koya."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Kakarta Hajja Kaka, wadda ta raine ta tun rasuwar iyayenta, ta leƙo ta taga ta ce a ƙyale baƙo ya shiga ɗakinsa tukuna, faɗan ba gudu zai yi ba.

Gidan irin na haya ne da kowa ya sani. Rijiya ɗaya a tsakar gida, mitar wuta ɗaya, wankin banɗaki karɓa-karɓa. Zulaikha da Hajja Kaka suna ciki da falo a gindin darbejiya, inda ta kafa kekenta na ɗinki. A can lungu kuma akwai Nafisat da mahaifiyarta Inna Fatu, a wani ƙuntataccen ɗaki mai yoyo. Nafisat ce aminiyar Zulaikha. Kwano ɗaya suke ci, mayafi ma musaya suke yi.

Musaddiƙ ɗan Gwiwa ne, malamin gona a Roni, kuma ɗakin ƙofar gida ya kama. Kullum ya dawo aiki a kan babur sai ya sami dalilin shigowa. Yau maɓallin riga ya fita, gobe aljihu ya yage. Wata rana Zulaikha ta ɗaga rigar ta duba da kyau.

"Wannan ai da reza aka yanke zaren."

Ya sosa ƙeya. "To in ban yanke ba, da me zan shigo?"

Daga nan saƙonni suka fara yawo tsakanin ɗakin ƙofar gida da gindin darbejiya.

"Zulai ta, ina gonar wani dattijo a bayan Roni, yana tambayata maganin tsutsar masara, ni kuma ƙarar kekenki nake ji a kunnena. Kin ci abinci?"

"Na ci, rabin raina. Ka mai da hankali kar ka ba bawan Allah maganin da ba shi ba. Ka taho mini da gyaɗa."

Duk wani saƙo sai ta nuna wa Nafisat, su kwanta a tabarma suna ƙyalƙyala dariya. Hajja Kaka ma ta yi na'am da shi. Hussain, yayan Zulaikha mai fatauci zuwa Nijar ta Babura, in ya zo a kan baburinsa da rawani ya rufe fuska saboda iskar hanya, a ɗakin Musaddiƙ yake cin tuwo kafin ya shiga ya kwana a falon kakarsa.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyar Musaddiƙ, Hajiya Batulu, ta zo Kazaure ba sanarwa don ta ga yarinyar da idonta. Aka yi rashin sa'a, ranar Zulaikha ta raka Hajja Kaka bikin suna a Babura. Da suka dawo, Nafisat ta tarye su da fara'a.

"Surukarki ta zo! Mu muka sauke ta, har fura muka dama mata."

Zulaikha ta rungume ta. "Allah ya bar zumunci, ƙawata. Me ta ce?"

"Me za ta ce? Alheri."

Amma daga wannan makon Musaddiƙ ya canza. Maɓallansa suka daina fita. In ta tura saƙo, amsar ba ta wuce "Lafiya lau" ko "Aiki ne ya yi yawa". Ta tare shi a zaure ta tambaye shi ko ta yi masa laifi, ya kalli ƙasa ya ce babu komai.

Wata safiya ta fito zubar da shara, ta ga ƙofar ɗakinsa a buɗe. An share shi tas. Babu katifa, babu buhun littattafansa, sai ƙusoshi a bango. Ta tsaya da kwandon shara a hannu har hannun ya sage. Gida ɗaya suke, taku kaɗan ne tsakaninsu, amma ya kwashe kayansa jiya, lokacin da ta tafi kasuwa sayen zare, bai ce mata uffan ba.

Sai da rana saƙonsa ya shigo.

"Zulai, na koma Roni da zama. Umma ta ce ba da yawunta ba. Ba zan iya ja da ita ba. Ki yafe mini."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta kira, bai ɗauka ba. A kafaɗar Nafisat ta yi kukanta, Nafisat tana shafa mata baya tana cewa maza duk haka suke.

Ba a rufa mako ba sai ga Ɗan'azumi, dillalin da ke kula wa Alhaji da gidan. Ya durƙusa ya gai da Hajja Kaka, yana ta murza hularsa.

"Hajja, aiko ni aka yi. Alhaji ya ce in wa'adin hayarku ya cika ku nemi wani wuri."

"Me muka yi, ɗan nan?"

"An ce... an ce maza na shigowa ɗakin nan. Har akwai mai zuwa da rufaffiyar fuska ya kwana."

Hajja Kaka ta juya harshe zuwa Barbarci, yarenta na gado, abin da ba ta yi sai ranta ya kai maƙura wajen ɓaci. Zulaikha kuwa ta san kowannensu. Mazan da ake nufi, magidanta ne masu kawo ɗinkin matansu su tsaya a bakin ƙofa. Mai rufaffiyar fuska kuma Hussain ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sai a lokacin ta gane abin da aka gaya wa Hajiya Batulu. Abin da ya fi ci mata rai, Musaddiƙ ya san gaskiya sarai. Da Hussain yake sa hannu a kwano. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ta, amma ya yi shiru.

Ranar da suke ɗaure kaya, Zulaikha ta shiga falo ɗauko kan keken ɗinkinta, ta tarar da Inna Fatu tana auna taga, Nafisat na riƙe mata ɗaya bakin. Da tef ɗin awon Zulaikha ma suke yi.

"Me kuke aunawa?"

Nafisat ta saki tef ɗin. Inna Fatu ta ce, ba ko kunya, labule za su saka, tunda Alhaji ya ba su wurin.

Ɗan'azumi, da ke ɗauke da buhun kwanuka, ya ce a hankali, "Ai su suka kai maganar, Zulaikha. Na ɗauka kin sani."

Ta dubi Nafisat. Mayafin da ke kanta ma na Zulaikha ne. Ba ta zage ta ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki kan kekenta ta fita, ta bar musu tef ɗin da mayafin.

Sabon wurin da suka samu can ne a gindin dutse, ɗaki ɗaya a gidan da ba a gama gini ba. Babu rijiya, sai an jira 'yan garuwa, su kuma ba sa son hawowa. Masu kawo ɗinki suka ragu, wasu don nisa, wasu don abin da suka ji. Zulaikha ta rame. Ta goge lambarsa daga waya, amma ta kasa goge ta daga kanta.

Bayan an yi girbi, wata yamma ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Tun kafin ya yi sallama ta san shi ne. Hajja Kaka ta hana shi tabarma.

"Faɗi abin da ya kawo ka a tsaye."

Ya durƙusa a ƙasa. Ya ce ya haɗu da Hussain a kasuwar Gwiwa. Hussain bai zage shi ba, hannu ya ba shi, ya tambaye shi ko tuwon da suka ci tare ya yi masa daɗi, ya wuce. Tun ranar ya rasa sukuni.

"Hajja, Umma tana kuka tana cewa zan jawo mata abin kunya. Ban taɓa musa mata magana ba tun da na taso. Na ce bari ta huce tukuna. Kullum sai in ce gobe, har na kasa haɗa ido da Zulai."

Zulaikha ta fito daga bayan labule.

"Nafisat ta yi mini ƙarya, na ji zafi. Amma ita ƙarya ta yi. Kai gaskiya ce a hannunka ka ɓoye. Da ka ce ba ka sona, wallahi da ya fi mini sauƙi. Ka bar ni da sunan da ba nawa ba, ka sulale kamar ɓarawo."

"Zulai ta..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

Hajja Kaka ta ce, "A tsakar gida aka ɓata ta, yaro. Ba a lungu za ka wanke ta ba. Tashi ka tafi."

Ya tafi. Zulaikha ta ɗauka shi ke nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga Ɗan'azumi da keke-napep, ya ce mai unguwa na kiran su a tsohon gidansu. Da suka isa, tsakar gidan cike. Ga Alhaji Maikasuwa, ga mai unguwa, ga 'yan haya, ga Hajiya Batulu a gefe, ga Hussain da rawaninsa a wuya. Musaddiƙ ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya tara su.

Ya miƙe, ya fuskanci mahaifiyarsa.

"Umma, ki gafarce ni. Wannan shi ne mutumin da aka ce yana kwana a ɗakinsu. Yayanta ne. Na san shi, na ci abinci da shi. Ranar da kika gaya mini maganar na san ƙarya ce, na yi shiru don tsoro. Ni na fi kowa laifi a nan."

Mai unguwa ya juya ga Inna Fatu, ta hau kame-kame. Nafisat ce ta fashe da kuka.

"Duk damina a tsaye muke kwana saboda yoyo. Kuma ni na fara ganin Musaddiƙ ranar da ya zo duba ɗaki, bai ko kalle ni ba. Kullum sai Zulaikha ta nuna mini saƙonninsa..."

Alhaji ya ce ya yi gaggawar yanke hukunci, su Hajja su dawo ɗakinsu. Hajja Kaka ta gode, ta ce ƙafarta ta gama da gidan nan.

Hajiya Batulu ta taso da kanta ta kama hannun Zulaikha.

"'Yata, na yanke miki hukunci ban taɓa ganin fuskarki ba. Ki yafe wa tsohuwa."

A nan ne hawayen da Zulaikha ta riƙe suka zubo.

Ba ta sauko da wuri ba. Musaddiƙ ya yi ta hawa gindin dutse, wata rana ta fito, wata rana ta ƙi. Da bakinta ta ce ta yafe wa Nafisat, amma ƙawancen bai dawo ba. Sai gab da azumi ta tura masa saƙo.

"Na yafe maka. Amma ka sani, duk ranar da wani abu ya taso, ko mai ɗaci ne, a bakinka nake so in fara ji."

Amsar ta zo nan take.

"Na yi alkawari, Zulai ta. In kin yarda in sake kiranki haka."

"Na yarda, rabin raina."

Bayan sallah aka ɗaura aure a masallacin unguwa, Hussain ne waliyyi. Suka kama haya a wani gida mai sassa biyu kusa da bakin titi, ɗaya nasu, ɗaya na Hajja Kaka, don Musaddiƙ ya ce ba za a bar ta ita kaɗai a gindin dutse ba. Da aka kawo amarya, Hajiya Batulu ce ta riƙo ta har bakin gado.

Da jama'a suka ragu, Hajja Kaka ta sa aka kira ango. Wannan karon da hannunta ta shimfiɗa masa tabarma. Ta haɗa hannunsa da na jikarta, ta riƙe su gam.

"Ga amanata nan. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya haɗa ku da maƙwabta na gari, ya sa wata rana ku kwana a gidan kanku."

Duk ɗakin aka amsa da amin. Zulaikha ta ɗago mayafi kaɗan ta dube shi, shi ma ita yake kallo, kuma bai sunkuyar da kai ba.