Muryar Rauda a Tashar Gaya

Ranar da Rauda ta zo ɗaukar tallar turaren wutan mahaifiyarta, sau shida Abdurazak ya sa ta maimaita. Babu abin da ta ɓata, shi ne dai ba ya so ta tafi.

Situdiyonsa ɗaki ne guda a gidansu, ya lulluɓe bangon da tsoffin katifu. Da shi yake ci: tallar 'yan kasuwar Malanville, waƙar amare, gayyatar suna. Soyayya ta kama su har manyansa suka je gaisuwa.

Sai son ciniki ya ja shi. Wani mai maganin basur ya nemi talla da muryar mace. Abdurazak ya yanko "ku matso, ku gwada" daga tallar turaren ya liƙa, bai tambaye ta ba. Kafin mako, lasifikar yaran mai magani na ta kwarara muryar Rauda a tashar Gaya, abokan mahaifinta, Alhaji Ubaidullahi, suna gumtse dariya in ya wuce.

Alhaji ya mayar da kayan gaisuwa.

Saƙonta ya shigo: "Razak, amanar muryata na ba ka, ka kai ta tasha. Baba ko kallona ba ya yi. Kada ka kira ni."

Ya karanta har idonsa ya cika. Ya rubuta: "Raudatu, ni na ɓata, ni za ni gyara."

Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya, har ƙauyukan Garou, yana goge tallar. Mai magani ya dage sai an ba shi wata tallar a madadinta. Abdurazak ya shiga ɗaki ya ɗauka da muryarsa, har da faɗin sunansa. Gari ya samu abin yi: ko'ina ya bi sai "Razak Basur!" Masu waƙar amare suka janye.

Wata rana Alhaji ya tare shi a bakin rumfa.

"Kai yaro, mi ya sa ka sanya sunanka ciki?"

"Don su samu wanda za su yi ma dariya, Baba, su ƙyale ta."

Alhaji ya dube shi ya ce: "Turo manyanka."

Bayan ɗaurin aure Rauda ta turo: "Angona, sun ce yanzu ni ce Matar Basur. Na ce na amsa."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.