Faifan da Babu Waƙa a Cikinsa

Sufeto bai ko kai ga zama ba da safen nan, sai ga wata budurwa ta faɗo ofis, idonta jajir. Auta ake ce mata, 'yar wani mawaƙi da ya rasu bara. Ita ke saka kiɗa a gidan rediyo.

"Ranka ya daɗe, an sace min faifai biyu! Kuma yau da yamma zan saka waƙoƙin Baba da bai taɓa fitarwa ba, an riga an sanar wa jama'a."

Sufeto ya suri hularsa suka fita.

Ɗakin kiɗan yana bayan gidan su Auta. Ko ƙwarzane babu a jikin kwaɗon ƙofar. A kan tebur ga na'urorin juya faifai wayam, ga kwamfuta a tsakaninsu ba wanda ya taɓa ta.

"Wane irin ɓarawo ne zai tsallake kwamfuta ya ɗauki faifai?" in ji Sufeto.

"Wanda bai san aikin ba," in ji Auta. "Babu waƙa ko ɗaya a cikinsu. Wata ƙara ce kawai da kwamfuta ke karantawa. In na juya faifan gaba, waƙar da ke cikin kwamfuta ta yi gaba. In na dafe shi, ta tsaya. Hoton Baba da na manna a kai ne ya ruɗe shi."

"Wa ya taɓa jin ƙarar?"

"Ba kowa. Ba ta fita a lasifika, sai dai in an ɗora faifan a garmaho."

Sufeto ya kira mai gadin gidan.

"Ni ban ga kowa ba, yallaɓai."

"Ba a ɓalle kwaɗo ba, kai ne a bakin ƙofa, kuma ba ka ga kowa ba? To kai ne ke nan. Wuce mu tafi ofis."

Nan take gumi ya keto wa mutumin.

"Yayan Auta ne. Jiya da rana ya fita da jaka. Ya ce in na buɗe baki, a bakin aikina."

Ran Sufeto ya ɓaci. Ba abin da ya tsana irin babba ya yi ɓarna ya bar na ƙasa da zargi.

Suka iske Yaya a shagonsa na kayan lantarki, ya harɗe ƙafa yana latsa waya.

"Me ke cikin jakar da ka fita da ita jiya?"

"Kayan wanki."

"Makullin ɗakin kiɗan da marigayi ya bari yana hannunka?"

"Ya ɓata tuntuni." Ya harari ƙanwarsa. "Ke yanzu 'yan sanda kika kwaso min? A kan faifan banza da ba abin da yake yi sai kukan sauro?"

Sufeto ya matso dab da shi.

"A ina ka ji kukan?"

Yaya ya saci kallon labulen da ke bayan kantar shagon.

Sufeto ya ɗaga labulen. Ga tsohon garmaho a ƙasa, ga faifan nan biyu a cikin kwandon shara, an kakkarya su.

"Ni na ɗauka!" Yaya ya fashe. "Wani kamfani ya ce in kawo waƙoƙin su fitar da sunana a jiki. Ni ne babba a gidan nan! Ta yaya ƙaramar yarinya za ta riƙe muryar ubana? Da na saka na ji ba komai, sai zuciya ta ɗebe ni."

"Babba!" Sufeto ya daka masa tsawa. "Ka yi wa ƙanwarka sata, ka karya mata abin sana'a, ka tsorata bawan Allah mai neman abincinsa, sannan kana da bakin kiran girma? Miƙo hannu."

Da ankwa ta shiga, sai muryarsa ta yi laushi.

"Auta, ki ce masa ya bari mana. Ni fa yayanki ne."

Ta dube shi.

"Yaya, da tambayata ka yi, wallahi da tuni na tura maka su duka a wayarka."

Sufeto ya tisa ƙeyarsa zuwa mota, maƙwabtan shago suka dare suka ba su hanya.